Ranar da Muka Bi Hoton Mujalla

A gidanmu na unguwar Utaiqa taga ɗaya ce, ita ma in ka buɗe ta bangon maƙwabta za ka gani, kusa har kana iya taɓa shi da muciya. Ɗaki ne da falo a hawa na biyu. Maigidana yakan fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai an yi isha'i, ni da 'yata mu wuni a ciki, daga mu sai ƙarar esi. Shekarar farko da na zo Riyad, in ban da shagon da ke ƙasan benenmu da asibitin da muke kai yarinyar allura, ban san ko'ina ba.

Aikinsa walda ne, a wata warsha da ake ƙera karafan. Karafan ɗaki ne mai taya, mota ke jan sa. Mutanen ƙasar nan in sanyi ya shigo sai su ɗaura shi a bayan mota su nufi daji da iyalinsu, su wuni ko su kwana biyu, wai shan iska. Da ya fara ba ni labari dariya na yi. Na ce mutum da gidansa da famfonsa, ya kwashi 'ya'ya ya tafi daji, ba kora ba, ba kiwo ba? Ya ce, "Ke dai ba ki gani ba ne."

Sai ya fara kawo min in gani. Mudirinsu, wato mai warshar, yana ajiye mujallun karafan a ofis. Mai saye in ya zo sai ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan hoto ya ce irin wannan za a yi min. In mujallun sun tsufa, gefensu ya yi baƙi da man inji, sai a tara su za a zubar, maigidana ya naɗo su a leda. Don in shimfiɗa a kabad ya kawo su. Ban shimfiɗa ko ɗaya ba.

Ni karatuna bai yi nisa ba. A aji huɗu na tsaya a firamare. Allo na yi daidai gwargwado, amma rubutun mujallun nan ba wasali, in na haɗa baƙi biyu sai na uku ya kuɓuce min, ma'ana kuwa sai Allah. Hotuna nake karantawa. Kuma ina jin duk faɗin Riyad babu wanda ya karance su kamata. Na san wanda gadonsa ke naɗewa ya koma tebur. Na san wanda aka jera kofuna shida a cikinsa, ɗaya hannunsa ya juya daban. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mai taga a saman wurin wanke-wanke, kina cuɗa tukunya kina kallon duwatsu. In na gama aikin gida sai mu zauna a tsakar falo ni da yarinyar, muna buɗewa muna rabo, wannan nawa, wannan naki, wannan na Baba. Ita kullum mai jan labule take ɗauka.

A shafin ƙarshe na kowace mujalla akwai wasu fuskoki uku, ɗaya tana dariya, ɗaya bakinta a miƙe, ɗaya ta turɓune. Na tambayi maigidana. Ya ce masu mujallar ne ke son su ji ko mai karatu ya gamsu, sai mutum ya zagaye wadda ta dace da shi ya aika musu. Ba wanda ya taɓa zagaye komai a warshar. Ni kuwa duk wadda na gama sai in ɗauko biro in zagaye mai dariyar.

"Wa zai gani?" in ji shi.

"Ni na gani."

"To, Allah ya kai saƙo."

Ba wai ban lura da wasu abubuwa ba. Na lura ba mai gumi a hotunan nan, ba ƙuda, ba tururuwa, ba yaron da ya yi kashi ana neman inda za a wanke masa. Duk da haka mai dariyar nake zagayewa, don su ne suke fitar da ni daga ɗakin nan.

Akwai hoto guda da ya cinye shafi biyu na tsakiya. Farin karafan a gindin wasu itatuwan ƙaya masu kama da bagaruwa, yashi fari sumul kamar an tankaɗe shi, dama da hagu tudu ya yi katanga, ga ciyawa shar da 'yan furanni rawaya, ga wata yarinya mai jar riga ta tsugunna tana tsinka. Na cire shi a hankali na manna kusa da tagarmu. 'Yata ta sa masa suna gidanmu na daji.

Sai in faɗi wani abu game da yarinyar, don shi ne kan labarin. Ita ce ta fari a wurina, sannan sunan surukata aka sa mata, mahaifiyar maigidana, wadda suke kira Inna. Kunya biyu ke nan a kaina. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Sunan suruka kuwa ko a mafarki. Ubanta yana ce mata Mamana, kowa ya bi da Mama. Ni yawanci ke nake cewa, in ta kama dole in ce Mama. Shekararta huɗu a lokacin, sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a asibiti in ana tambaya, kati nake miƙawa.

Da sanyi ya fara ja baya, aka yi 'yan kwanaki ana yayyafi, sai maigidana ya dawo da fara'a. Ya ce mudir ya ba su hutun Asabar, ya kuma ara masa wani tsohon karafan da a-kori-kurar warsha, mu fita mu ma mu ga yadda ake yi. Ya gayyaci Yaya, wansa, da matarsa da nake kira Anti. Yaya ya daɗe a ƙasar nan, yana aiki a wani shagon kayan sawa a kasuwar Batha, shi ya yi wa maigidana hanya ya zo. 'Ya'yansu suna gida wurin karatu.

Na yi murna, amma murnata ba ta zuwa ita kaɗai. Tun ana jibi na fara tunanin kunama, na koma maciji, na koma ƙaya, na koma in mota ta lalace a inda ba kowa. Na haɗa safa uku, rigar sanyi biyu, maganin zazzaɓi, man zafi, jarkar ruwa har huɗu.

"Hijira za mu yi?" in ji maigidana. "Wuni ɗaya ne fa."

"Ka bar ni dai, Baban Mama."

"Ke da kika zagaye mai dariya sau ashirin."

Muka tashi da hantsi. Muka bi hanyar da ta wuce ta wajen filin jirgi, muka yi ta tafiya har gine-gine suka ƙare, sannan muka sauka daga kwalta. Maza suna gaba, ni da Anti da yarinyar muna baya. Can muka fara ganin Larabawa, tantuna da karafan nan da can, amma duk a kan tudu, a filin Allah, rana na dukan su, iska na kaɗa musu shimfiɗa. Sai maigidana ya hango wata 'yar hanya da ta gangara ƙasa. Ya bi ta a hankali, karafan na rangaji a bayanmu. Da muka sha kwana ya taka birki ya juyo yana kallona.

"Ga hotonki."

Wallahi shi ne. Ko ba wurin ba ne, to ɗan'uwansa ne. Ga itatuwan, ga farin yashin, ga tudu dama da hagu ya tare iska, har furannin. Kuma ba kowa.

Yaya ya fito yana miƙa. "Kai, Larabawa ba su san daɗi ba. Ga inuwa sun bari sun je suna gasa kansu a rana."

Yarinyar ta diro ta fara gudu. Ban taɓa ganin ta yi gudu mai nisa haka ba, a gida taku biyar ta kai bango. Na cire takalmi na taka yashin, sanyinsa ya ratsa ni har ka. Na ɗan jima ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da na je ɗaura igiyar labule a jikin wata bishiya, don mu mata mu samu wurin sakewa, a nan na ga abin. Akwai yayi a maƙale a rassan, daidai ƙirjina. Busasshiyar ciyawa, 'yan ƙirare, tsohuwar leda da ta koɗe. Na duba bishiya ta gaba, haka. Ta gabanta ma haka, tsayi ɗaya, kuma duk sun kwanta sun fuskanci gefe guda kamar an taje su. Na kalli yashin da kyau, sai na ga 'yan layuka a jikinsa irin na bayan wucewar ruwa. Na kalli gindin tudun, an yanke shi tas kamar da wuƙa.

Ni a bakin gulbi aka haife ni. Gulbin garinmu da rani yashi ne zalla, a ciki muke wasa, a ciki ake tona rijiya. Amma kakata ta sha nuna mana yayin da ke jikin itatuwa tana cewa nan ruwa yake kaiwa, ku dinga kallon sama ta gabas, ba saman kanku ba. Ina 'yar shekara bakwai na ga ruwa ya tafi da jakin ƙanin babana da kayansa, rana tsaka, ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. A wani gari can aka yi ruwan.

Na samu maigidana a bayan mota yana shirin kwance ƙugiyar da ta haɗa karafan da a-kori-kura. Na rage murya don kada Yaya ya ji.

"Baban Mama, nan fa hanyar ruwa ce."

"Wane ruwa?"

"Gulbi ne. Dubi itatuwan can."

Ya duba bai ga komai ba. Shi ɗan birni ne, a cikin lungu ya tashi, ruwan da ya sani na kwata ne. "Ke, nan Saudiyya ce, ba ƙauyenku ba. Ƙasar da ake sayen ruwan sha a jarka?"

"To me ya sa kowa yake sama?"

"Don suna son a ga motocinsu."

"Don Allah mu koma saman."

"In ce wa Yaya me? Ya shimfiɗa darduma ya kishingiɗa, in ce ya tashi matata ta ga leda a bishiya?"

Idona ya kawo ruwa. Ya tsani ya ga haka. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya mayar da ƙugiyar ya ɗaure. "Shi ke nan. Ba zan kwance ba. Zan ma juya kan motar ta kalli hanyar fita, makulli a jiki. Kin ji daɗi? Ki bar ni in sha iskar nan da aka ara min."

Ya juya motar. Yaya ya tambaye shi lafiya, ya ce inuwa yake gyarawa.

Ni da Anti muka shiga karafan muka ɗora dafa-duka da kaza. Ga ni yau a gaban taga a saman wurin wanke-wanke, abin da na yi wata da watanni ina kallo a takarda, amma ba duwatsu nake kallo ba. Yarinyar nake bi da ido. In ta yi dama kaina ya yi dama. Anti mace ce mai raha, ba ta da mugun nufi, amma ba abin da ke wuce ta.

"Ke 'yar nan, albasar ce za ki yanka ko yatsanki?"

"Yi haƙuri, Anti."

"Oh ni! 'Yan zamani. 'Yar fari ce fa. Mu a lokacinmu ko kallon inda suke ba ma yi. Ke kuwa a gaban Yayanku kin kafa mata ido kamar za a sace ta."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Ba haka ba ne, wurin ne ban yarda da shi ba."

"Wurin me? Yayanku ya duba waya da safe, an ce ba ruwa yau a Riyad. Bar yarinya ta sake, kullum tana kulle kamar kazar gidan gona. Ina ganinta."

Na zaro tawa wayar in duba, ba sabis ko layi ɗaya.

Muka yi azahar, wato su suka yi, ni ina fashin salla. Muka ci abinci. Ni dai tura shi nake. Daga inda nake zaune ina hango can saman kwarin, inda ya fito daga tsakanin duwatsu, sama ta yi wani duhu kamar bayan tukunya. A kanmu kuwa rana fes. Na kalli maigidana, na kalli wajen da ido. Ya gani, ya kau da kai ya ci gaba da zuba wa Yaya shayi.

Can sai muka fara jin hon daga saman tudun da ke tsallake, ana yi ana ƙarawa.

"Samarin Larabawa ke nan," in ji Yaya. "In sun ƙoshi sai wasan mota. Ka ga amfanin nesa da su."

Na buɗe baki zan yi magana, na kasa. Wan miji ne. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa zance uku a gabansa ba in ba gaisuwa ba. Na tashi na fara tattara kwanoni ina mayarwa cikin karafan, har waɗanda ba a gama da su ba.

"Ƙanwata, kora ce?" in ji Yaya yana dariya, ya riƙe kofinsa gam. Na sunkuyar da kai.

La'asar ta yi. Iska ta juya, ta zo da sanyi da wani ƙamshi da na sani, ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Na ce a raina suna sallamewa zan faɗa, ko me za a ce a ce. Yaya ya shiga gaba, maigidana a damansa, Anti a bayansu. Suka ta da kabbara. Sai a lokacin na tuna Anti mai cewa tana ganinta ta shiga salla.

Na waiga ban ga yarinyar ba.

Na zagaya bayan karafan, ba ta nan. Na leƙa ciki, ba ta nan. Sai na hango ta can sama, ta bi kwarin ta yi nisa, ta wajen da duhun yake, ta tsugunna a gindin tudun tsallake tana tsinkar furanni, ta ba ni baya. Kamar yarinyar hoton, in ban da ita shuɗiyar riga ce a jikinta.

Daidai nan na ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi tukuna. Kamar tifa tana juye tsakuwa a wata unguwa, sai dai ita wannan ba ta ƙarewa. Rabona da jin ta tun ranar jakin nan, amma ƙafafuna sun gane ta kafin kaina.

"Ke!" Iska ta dawo min da muryata. "Ke! Mama!"

Ba ta juyo ba. Tun safe kowa ke kiran Mama, zo ki ci, zo ki sa takalmi, ta saba sharewa. Na fara gudu. Abaya ta harɗe ni, yashi yana riƙe ƙafata, ina gudu kamar ba na gaba. Na sake cewa Mama, ko gezau. Can bayanta, a inda kwarin ya lanƙwasa, na ga wani abu ja-ja ya leƙo a kan farin yashin, yana tafe yana tura ƙirare da kumfa a gabansa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na buɗe maƙogwaro na kira sunan. Sunanta na yanka, sunan Inna, gaba ɗayansa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na kira sau uku. Duwatsun nan suka amsa suka maimaita, 'ya'yan mai sunan biyu suna tsaye a bayana a gaban Ubangiji.

Ta miƙe zumbur ta juyo. Ko daga nesa na ga mamaki a fuskarta. Ba ta taɓa ji daga bakina ba. Ta saki furannin ta taho da gudu, ta ɗauka wani babban laifi ta yi.

Muka haɗu, na sure ta. Na waiga wajen mota, ta yi min nisa, kuma sai na ratsa tsakiyar kwarin kafin in kai. Kakata takan ce gaɓar da ta fi kusa ita ce taka. Na nufi tudun tsallaken. Ruwan ya iso ni ina gindinsa, sanyi kamar ƙanƙara, ya kai idon sawu, kafin in ɗaga ƙafa ya kai ƙwauri, wani reshe ya daki gwiwata. Na cilla ta sama kan wani dutse, na kama saiwa na ja jikina. Muka yi ta hawa da rarrafe, tana kuka ina tura ta, ƙaya na yagar min hannu ban ji ba.

Sai da na ga ba sauran hawa na juyo. Inda muka ci abinci ya zama jan kogi. A-kori-kura tana can tana haurawa ta hanyar da muka shigo, karafan na tangal-tangal a bayanta, ruwa na dukan tayoyinsa na baya. Ta fita. Na ƙirga mutum uku sun diro. Dardumar Yaya na gani tana juyi a tsakiyar ruwa, da butar shayi, da labulen da na ɗaura.

Maigidana ya zo bakin gaɓa ya ɗora hannu biyu a ka yana dube-dube. Na ɗaga yarinyar sama iya ƙarfina don ya gan ta. Da ya gan ta sai ya durƙushe a wurin.

Masu hon ɗin nan ashe ba samari ba ne. Wani dattijo ne da iyalinsa, tun da ya ga hadarin yake yi mana, har ya aiki ɗansa ya zagayo ta kwalta ya faɗa mana, ruwan ya riga shi. Matarsa ta kama hannuna tana ta magana, kalma ɗaya na riƙe, sail, sail, wato ambaliya, tana nuna kwarin. Ta shigar da mu karafan ɗinsu, sabo dal, irin na shafin gaba. Na zauna a kan kujerar da ke komawa gado, taɓo har gwiwa, jini a tafin hannu, an lulluɓe mu da bargo. Ga kwanoni ba a wanke ba, ga takalman yara ko'ina, ga wani jariri yana tsala ihu. Ta ba ni shayi, ya kuɓuce min ya zube a kan shimfiɗarta. Ta ce ba komai da hannu.

Dattijon ya kai mu ta gadar da ke kan kwalta, muka iske su kafin magariba. Maigidana ya karɓi yarinyar ya ƙanƙame, sannan ya juya hannuna yana kallon yankan ƙayar. Yaya ba takalmi, hularsa ma ta tafi. Na tsugunna zan ba shi haƙuri, don abin da na yi da bakina ya fara dawo min.

"Tashi, ƙanwata," ya ce. "Ni a raka'a ta biyu na ji an kira tsohuwata, na ce to, ko dai mutuwa ce ta zo. Ban san sanda na sallame ba."

Anti ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Washegari Yaya ya kira gida, maigidana ya dawo ya ba ni labari. Wai ya ce wa Inna, surukarki fa ta kira sunanki a tsakiyar daji, da ƙarfi, har duwatsu na amsawa. Ta ji labarin duka, sannan ta ce sau nawa ta kira? Ya ce sau uku. Ta ce, "Ku biyu da gemunku kuna tsaye. Ku gaya mata na yafe ukun, kuma tana da bakwai a ajiye in ta sake fita da ku." Duk da haka na yi wata guda in ta kira waya sai in ce ina banɗaki.

Da na samu natsuwa na cire hoton nan daga bango na kai shi bakin taga inda haske yake. Na duba itatuwan ɗaya bayan ɗaya. A ta gefen hagu, can ƙasa kusa da inda aka naɗe takardar, ga yayin nan a maƙale a reshe, ya kwanta gefe guda. Yana nan tun farko. Wata nawa ina kallon hoton, labule da furanni nake gani. Na nuna wa maigidana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe shi ya sa a aljihu, ya ce zai kai wa mudir, a dinga nuna wa masu saye.

Har yanzu yana kawo mujallun, har yanzu muna rabo ni da ita. Sai dai yanzu ƙasan hoto nake fara dubawa, da jikin itatuwa, da inda aka yanke sama ba a nuna ba. Waccan mujallar na nemo ta na buɗe shafin ƙarshe. Na riga na zagaye mai dariya tun tuni, da biro, ba ya gogewa. Na zagaye mai turɓunewar ita ma, na bar su su biyu.

Yarinyar tana jingine da ni tana kallo. Ta ɗago ta ce, "Umma, sake faɗa."

"Me?"

"Sunana. Irin na ranar."

Na kalli ƙofa, na kalli tagar da ba kowa a bayanta sai bango. Na ce mata ta tashi ta ɗauko min tsintsiya.